Giɓin Binta da Haƙoran Makka

Ajingi.

Zuwa ga 'yata Binta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka gidan Gwaggonki Delu lafiya, Ya sa motar ba ta lalace muku a hanyar Wudil ba, Ya tsare ki daga sharrin birni da na abin hawansa. Ki gaishe mini da Gwaggo da maigidanta da yara. Mu nan kalau muke. Ba labarin gida ne ya sa na ɗauki biro ba, saboda haka ba zan cika miki takarda da shi ba.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne maganar da kika yi ranar da muke ɗaure kayanki. Kina ninke zannuwa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan bakinki, kamar yadda kika koma yi tun da san huɗar babanki ya ɗago kai ƙahonsa ya fitar miki da haƙoran gaba biyu. Kika ce, "Inna, ni fa ba zan tsaya gaban yara da wannan giɓin ba. Ko dai in je wurin mutumin nan na kasuwa da Hajiya Yalwa ta ce yana sa haƙorin Makka a tashi ɗaya, ko in aika wa shugabar makaranta cewa ba ni da lafiya har sai an gyara." Ban amsa miki ba a lokacin, domin in na buɗe baki kuka zan yi, ke kuma ba kya son ganin kukana. Amma tun da motarku ta tashi maganar take cin raina.

Na san likitan haƙori ya gaya muku ke da babanki cewa sai dasashinki ya warke ya zauna, can bayan girbi, sannan zai yi miki abin da suke kira gada, wato sababbin haƙora da ake kafawa a jikin lafiyayyun da ke gefen giɓin. Na kuma san za a buɗe makaranta tun kafin nan. Wannan ne aikinki na farko, kuma in ba ki shiga aji ba wata za a ba wurin, karatun da kika sha wahalarsa ya zauna a akwati. Hanyoyin nan biyu da kika ambata, Binta, duk na bi su da ƙafata. Bari in gaya miki inda kowace ta kai ni.

Ke ba ki san ni da haƙoran gabana na ainihi ba, kina goye aka cire su. Lokacin da nake budurwa a Kademi, in ana neman gidanmu ba a cewa gidan wane, sai a ce gidan su Tabawa mai wushirya. Ranar kasuwar Gaya mukan tashi da sassafe mu 'yan mata, kowa da ƙwaryar ƙuli-ƙulinta, mu bi ta cikin gonaki muna waƙa. Kafin mu shiga kasuwa sai mu tsaya a gindin wata tsamiya, a fito da furen taba da ɗan goro, kowa ta goge haƙoranta har su yi jawur, mu riƙa karɓar madubi ɗaya muna dubawa. A wancan zamani jan haƙori shi ne ado. Ni ce mai dariyar cikinmu. Innata takan ce tun daga bakin rijiya take gane na dawo. Har yanzu in na ji ƙanshin furen taba sai in ga tsamiyar nan da inuwarta, in ji muryoyin ƙawayena, waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Bayan an kawo ni Ajingi na yi haihuwa uku, sai haƙorin sama na gaba ya fara ciwo. Na sa kanumfari, na sa kanwa, na kurkure da ruwan sassaƙe iri-iri, abin sai gaba yake. Babanki ya kira wanzamin unguwa. To wanzamin nan abokin kakanki ne, tare suke zama a zaure, ni kuwa kunyarsa nake ji kamar ta suruki. Ya shigo tsakar gida da zabirarsa, na zauna a kan tabarma na lulluɓe har goshi, na kama bakin mayafi na rufe haɓa.

Ya ce, "Wanne ne, amarya?" Haka yake kira na har ya rasu, ko da ina da 'ya'ya.

Na ce daga cikin mayafi, "Na sama."

Ya ce, "Na sama ai suna da yawa, ni kuma ba duba nake yi ba. Nuna mini."

Na ɗan sassauta mayafin, na kai yatsa ina kallon ƙasa, na taɓa wurin da nake jin zafi. Zafin ya riga ya game duk gefen, yatsan ya sauka a kan na kusa da shi. Da ya ɗora awartaki na ji a jikina ba shi ba ne. Amma yaya zan ce wa abokin surukina ya yi kuskure? Na yi shiru, ya cire lafiyayyen. Ciwo bai tafi ko'ina ba. Da aka sake kiransa ya duba da kyau, ya girgiza kai ya ce, "Amarya, kin sa na sare bishiya mai 'ya'ya na bar busasshiya. To wannan kyauta zan cire miki." Babanki bai yi dariya ba, ni ma haka.

Saboda haka ga abu na farko. Ranar da kika zauna a kujerar likita ki bar kunya a bakin ƙofa tare da takalmanki. Ki buɗe baki sosai. In ya taɓa wuri kika ji ba daidai ba, ki ɗaga hannu ki faɗa. Ki tambaye shi waɗanne haƙora zai fiƙe, ya nuna miki su a madubi kafin ya fara. Haƙorin babba in ya fita ba ya dawowa, kuma ba wanda zai yaba miki ladabin da kika yi aka ɓata miki baki.

Tun daga ranar na koma mai magana a bayan mayafi. Na daina waƙa in ina niƙa. In an je biki sai in zauna wajen tukwane, wai ina taya aiki. Wasu suka ce aure ya natsar da ni, wasu suka ce girman kai na fara. Babanki ya taɓa cewa, yana alwala a bakin randa, "Gidan nan ya yi shiru kamar an yi tafiya." Na yi kamar ban ji ba.

A cikin shekarun nan ne aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a cikin gidan mai unguwa. Wata malama ce take zuwa daga Gaya, doguwa mai haƙuri. Babanki da kansa ya ce in je, ya sayo mini littafi da fensir. Na ji daɗin kwanakin farko ƙwarai, domin rubutu kawai muke kwaikwaya, ba a magana. Ina son ƙanshin sabon littafin, ina son yadda fensir yake bin hannuna. Sai aka zo wurin faɗa da baki. Malama ta rubuta a allo, ta ce kowa ta tashi ta karanta: sa, se, si, so, su. Da aka zo kaina na sauke mayafi na fara, iska ta bi ta giɓin ta fita da ƙara. Yalwa tana gefena, lokacin ba ta zama Hajiya ba, amma bakin nan nata yana nan yadda kika san shi. Ta ce, "Tabawa, karatu aka ce ki yi, ba fito ba." Duk aji aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don kada a ce na ji haushi.

Washegari na aika cewa zazzaɓi nake yi. Malama ta zo har gida duba ni, na shige ɗaki na ja bargo da rana tsaka, na sa aka ce barci nake. Ban yi niyyar bari gaba ɗaya ba, Allah Ya sani. Cewa nake yi a raina, bari su manta tukuna, sai in koma. Kullum sai in ce mako mai zuwa. Ina cikin haka aka mayar da malamar wani gari, ajin ya watse, kuma aka yi shekaru da yawa ba a sake buɗe wani a Ajingi ba.

Kin san abin da na rasa? Lokacin da kika shiga firamare, wata rana kin ɗauki gawayi kin yi zane a bangon madafa, kika tsaya kina kallona kina murmushi. Na ce, "Wa ya ce ki ɓata mini bango?" Na jiƙa tsumma na goge. Kika juya kika tafi. Da babanki ya dawo kika gaya masa, shi ne ya ce da ni, "Kin san abin da yarinyar nan ta rubuta? Inna ta rubuta. Shi ne abu na farko da ta iya." Wataƙila ke kin manta. Ni har yau in na shiga madafa idona yana zuwa wurin.

Wannan ita ce hanyar cewa ba ni da lafiya. Ba ta da wuyar shiga. Mako ɗaya za ki ce, sannan ki ga fitowar ta fi ta jiya nauyi, domin yanzu bayan giɓin ga kuma ƙaryar da za ki kare. Kada ki aika wa shugabar makarantar nan saƙon ciwo alhali ƙafafunki suna ɗaukarki.

Yanzu sai haƙorin Makka. Wannan kin san farkonsa, domin da wayonki, amma ba ki san tsakiyarsa ba.

Shekarar da gyaɗa ta yi kyau Allah Ya kira mu aikin hajji, ni da babanki, Yalwa da mijinta su ma suna cikin jirginmu. Ba zan iya rubuta miki abin da na ji da na ga Ka'aba ba, hannuna bai kai nan ba. Bayan an gama aiki, ana jiran ranar tashi, sai kowa ya shiga sayen tsaraba, darduma da tasbaha da dabino. Kuma kin san al'adarmu, alhaji ko hajiya ba su cika dawowa ba tare da haƙori mai walƙiya ba, shi ne shaidar da ake gani tun kafin a yi magana. Akwai wani layi da masu sa haƙori suke, shago na bin shago, mutanenmu sun yi cincirindo. Yalwa ta ja hannuna. Ta ce, "Ni lafiyayye zan sa a lulluɓe mini. Ke kuwa da kike da fili a gaba, ai gini za a yi miki."

Mai shagon ya iya 'yar Hausa ta ciniki. Ya duba bakina ya ce, "Hajiya, zinari, mai kyau, yau yau." Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ya ɗauko wani abu ya goge haƙoran nan biyu na gefen giɓin, lafiyayyu, har suka zama kamar tsinke, ina jin zafin har cikin ƙwaƙwalwata ina salati. Kafin la'asar ya kawo haƙora huɗu a haɗe, ya shafa wani abu ya danna su, ya ce in cije. Ya miƙo madubi. Binta, na daɗe ina kallon matar da ke cikin madubin nan. Na yi mata dariya, ta yi mini.

Ba zan ɓoye miki ba, watannin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin rayuwata. Kin tuna ranar da muka dawo, mata sun cika tsakar gida, daga Toranke da Gafasa har da 'yan uwana na Kademi, ana ta guɗa, kowa na cewa, "Hajiya, a ɗan yi mana murmushi mu sami albarka." Na yi ta yi har kumatuna suka gaji. Na koma waƙar niƙa. Na je Gaya aka ɗauke ni hoton nan da ke rataye a ɗakin babanki. In na je biki a tsakiyar mata nake zama. Shi ya sa ban ga laifinki ba da kika ji maganar Yalwa zuciyarki ta karkata. Na san abin da kike kwaɗayi, na ɗanɗana shi.

Sai abin ya fara. Da farko abinci ne yake maƙalewa a ƙarƙashi, aswaki ba ya kai wa wurin. Sannan in na sha ruwan randa sai in ji kamar an soka mini allura. Sannan wari, wanda ni kaina nake ji. Dasashin ya kumbura, yana fitar da ruwa. Ga kuskuren da ya fi duka: ban gaya wa kowa ba. A tunanina abin da aka samo a ƙasa mai tsarki ba ya cuta, in kuwa na ce yana cutar da ni na yi butulci, kamar na raina hajjin da Allah Ya ba ni. Sai na ɗauka jarrabawa ce. Na riƙa ɗiban ɗan ruwan Zamzam da muka rage ina kurkurawa, ina addu'a. Damina ta wuce, wata ta zo, ina tauna da gefe ɗaya, ina juya fuska in zan yi wa mutum magana. Mayafin da na sauke ya koma wurinsa.

Wata rana da hantsi babanki ya dawo daga gona, na kai masa fura, ya ƙura mini ido.

Ya ce, "Hajiya, me ke damunki?"

Na ce, "Ba komai, Malam."

Ya ce, "Ba komai ne ya sa kuncinki ya yi kamar kin ɓoye goriba?"

Na zauna a bakin tabarma na ce, "Malam, abin daga Makka ya zo. Da wane baki zan ce yana cutar da ni?"

Ya ajiye ludayin ya dube ni, na ga yana danne dariya, kuma na ga tausayi a idonsa. Ya ce, "Takalmin da na saya a can ma matse ni ya yi, na ba ƙanena. Ɗakin Allah muka je ziyarta, Hajiya, ba shagon mai haƙori ba. Shi ɗan kasuwa ne kamar na Gaya, sai dai ya fi su samun baƙi masu sauri. Shirya, ranar da motar birni za ta tashi da mu za ta."

Likitan da muka gani baƙo ne, Hausarsa ba ta wuce sannu ba, wata ma'aikaciya ce take fassara. Da ya cire haƙoran zinaren na ga ya yamutsa fuska. Ma'aikaciyar ta ce, "Hajiya, ya ce aikin bai zauna daidai a kan na gefen ba, an bar kafa, abinci yana shiga yana ruɓewa. Ɗaya daga cikinsu ya mutu, sai an cire. Ya ce da kin zo tun da ya fara da an cece shi." Na shiga da giɓin haƙori biyu a rufe, na fito da giɓin uku a buɗe. Kuma ya faɗa mini abin da aka faɗa miki: sai dasashi ya warke ya zauna, domin in an auna yanzu nama zai janye daga baya, a sake samun kafa.

Kada ki ji haushin Yalwa. Ita guda ɗaya aka lulluɓe mata, bai taɓa damunta ba, shi ya sa take ganin kowa ma haka ne. Ƙauna ce ta sa ta ba ki shawara. Amma mutumin nan na kasuwa da take faɗa, ko ya iya ko bai iya ba, abin da zai sayar miki shi ne sauri, bakinki kuwa bai shirya ba. Haƙoran gefen giɓinki lafiyayyu ne, su ne za su ɗauki gadar har tsufanki. In aka fiƙe su ba daidai ba, ba ki da wasu.

To ina cikin wannan jira, da giɓin da ya fi na da faɗi, sai aka yi shela an sake buɗe ajin mata a Ajingi. Na ji shelar ina tankaɗe. Na ce a raina, bari a sa mini haƙoran tukuna. Da na ji kaina na faɗi haka sai na gane muryar, ita ce ta wancan karon. Na karkaɗe hannuna na ɗauki mayafi.

Yalwa tana can, ita ma ba ta gama na farkon ba. Da aka ce in tashi in karanta, na sauke mayafin har kafaɗa, na juyo na fuskance su, na buɗe baki na ce, "Ga shi nan, ku kalla ku ƙoshi. Wadda za ta yi dariya ta yi yanzu ta gama, ni karatu na zo." Aka yi dariyar kuwa. Yalwa ta ce, "Hajiya, ina zinaren? Ko Malam ya kai kasuwa?" Na ce, "Yana nan, na ajiye miki ne ki ƙara a kan naki." Aka sake yin wata. Na karanta layina da fitona da komai, na zauna. Washegari mutum biyu ne suka yi murmushi. Kafin mako ya zagayo an koma yi da wata da take riƙe littafi a kife. Abin da na gudar wa shekara da shekaru ke nan. Ranar da aka kafa mini gada na riga na iya rubuta sunana da naki.

Bari in gaya miki yadda aikin yake, don kada tsoro ya kama ki. Za a yi miki allura a dasashi, ita ce mai ɗan zafi, daga nan leɓenki zai yi nauyi kamar ba naki ba. Injin da ake fiƙewa da shi ƙararsa ta fi cizonsa. Za a cusa miki wani abu mai laushi kamar ƙullu ki cije, don a ɗauki siffar bakinki. Ki riƙa numfashi ta hanci, kada ki yi yunƙurin amai. Za a rufa miki na gefen da na wucin gadi, ki tafi, ki dawo ranar da aka ce. Ki roƙi Gwaggo ta raka ki, kada ki je ke kaɗai, kuma ki ci abinci kafin ki fita. Ki zaɓi farare irin naki. Ni da aka zo gwada launi, ma'aikaciyar ta yi ta kara samfur a jikin haƙorana, ta gaji ta ce, "Hajiya, mu fa ba mu da launin goro a akwatinmu." Ke ba ki da wannan matsala. In an kafa, ki cije a hankali, in kin ji wani wuri ya fi tsayi ki faɗa kafin ki tashi daga kujerar.

Na san za ki yi tunanin alwala, domin ni ma ya hana ni sukuni. Na tambayi babanki, ya ce lalura ce, ki kurkure bakinki yadda kika saba, alwalarki ta yi. Har na tambaye shi ko za a binne ni da su, ya ce, "Ki bari sai lokacin ya zo, ba ke za ki yi wannan shawarar ba."

Bayan haka sai kulawa. Aswaki safe da yamma, mai laushin baki. Za su nuna miki yadda ake zura zare ta ƙarƙashin gadar a fitar da abin da ya maƙale. Ki koya a gabansu, kada ki ce kin gane alhali ba ki gane ba. Ban da gatsar rake da goriba, ban da fasa ƙashi. Na san halinki in kina ɗinki, da haƙori kike yanke zare. Ki sayi almakashi ki rataye a wuya in ya kama. Duk ranar da kika ji wari ko motsi ko sanyi yana shiga, ki koma wurin likita a makon, kada ki tsaya neman dalilin yin haƙuri.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na yi duk wannan dogon rubutu har yatsuna suka ƙage. Ranar da aka buɗe makaranta ki yi wanka, ki sa atamfarki mai kyau, ki shiga ajinki, hannuwanki biyu a ƙasa. Jiya na je gidan tsohon hedimasta na tambaye shi wane aji ake ba sabuwar malama, ya ce yawanci aji ɗaya. Na dawo ina tafe ina dariya ni kaɗai a hanya. Binta, 'yan aji ɗaya ai 'yan famfara ne, haƙoransu na gaba zubewa suke yi. In kin yi musu sallama, ki gaya musu sa ne ya yi miki, su kalla. Sannan ki ce duk mai giɓi a ajin nan ya buɗe baki ki gani. Ki ƙirga su, ki rubuto mini ko ku nawa ne.

Allah Ya tsare mini ke a fitarki da komowarki. Ya ba ki yara masu jin magana da abokan aiki na kirki, Ya sa hannun likita ya zama sanadin alheri, Ya warkar da dasashinki da wuri. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki taya Gwaggo aiki, ki duba hagu da dama kafin ki tsallaka titi. Babanki yana sa miki albarka, ƙannenki suna gaisuwa. Na bar ki a hannun Wanda ba Ya barci.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajiya Tabawa